BAYANI: Masu yawo da madubin hangen nesa kyauta, da dalilin da ya sa Arewa ta fi kowa buƙatar su

Ranar Litinin, 8 ga Afrilu, 2024, ta yi daidai da 29 ga Ramadan a Najeriya da Nijar. Da almuru mutane suka fita bayan gari, wasu suka hau soraye, kowa ya zuba ido yamma yana neman jinjirin watan Shawwal. A daidai wannan lokaci, can ƙetaren teku, miliyoyin mutane a Meziko da Amurka da Kanada su ma sama suke kallo, sai dai su jira suke wata ya rufe rana. Ya kuwa rufe ta. A birnin Dallas duhu ya sauka tsakar rana, ƙarfe 1:40 agogon can, wato 7:40 na dare agogon Kano, kuma duk mai data a wayarsa ya iya kallon abin kai tsaye.

Ma'anar wannan a fili take ga wanda ya san tafiyar wata. Rana ba ta husufi sai wata ya gitta tsakaninta da duniya, kuma wannan gittawar ita ce haihuwar sabon wata. A ranar, an haife shi ne da ƙarfe 7:21 na dare agogon Najeriya, bayan rana ta riga ta faɗi a Sakkwato da Yamai. Ke nan a sa'ar da jama'a ke dubansa a nan, babu jinjirin da ido zai kama.

Duk da haka a daren aka sanar a Nijar cewa an ga wata, aka yi Sallah ranar Talata. Fadar Sarkin Musulmi ta ce ba ta samu sahihin rahoto ba, a cika azumi talatin, Sallah sai Laraba. A cikin Sakkwato kanta Sheikh Musa Lukwa ya ja mabiyansa idi ranar Talata, yana kafa hujja da labarin da ya zo daga maƙwabta. Gari ɗaya ya yi Sallah biyu, matasa kuma suka kwana suna jifan juna da maganganu a Facebook.

Hukuncin karɓar shaida ko ƙin karɓa aikin malamai ne da shugabanni. Amma tambayar ina wata yake a sama a sa'a kaza ba ta mazhaba ba ce, lissafi ne da kallo, kuma yaron sakandare zai iya koyonsa cikin 'yan makonni. Da wuya a samu wani yanki a duniya da jama'arsa ke fitowa kallon sama da yawa kamar ƙasar Hausa a daren 29 ga Sha'aban da 29 ga Ramadan. Da wuya kuma a samu inda masu kallon ke da ƙarancin wanda zai nuna musu inda za su kalla. Wannan giɓin ne wasu tsirarun masu aikin sa-kai suke ƙoƙarin cikewa.

Su wane ne, kuma daga ina abin ya samo asali?

A Zamfara ko Katsina, idan aka ce 'yan sa-kai, abin da ke zuwa zuciya shi ne mutum da bindigar toka a kafaɗa. Waɗanda ake magana a nan makaminsu daban ne: madubin hangen nesa, wanda suke kafawa a filin makaranta ko bakin titi, su kira masu wucewa su leƙa, ba tare da karɓar ko sisi ba.

Wanda aka fi danganta wannan ɗabi'a da shi wani Ba'amurke ne, John Dobson. Ya shafe shekara 23 a gidan ibadar wasu masu zuhudu a Kalifoniya, inda yake ɓoyewa yana ƙera madubai da tarkace: gilashin tagar jirgin ruwa, kwali mai kauri, da ragowar katako. Bayan an sallame shi a 1967, sai shi da wasu yara biyu suka fara kafa madubinsu a gefen titi a San Francisco, duk wanda ya zo wucewa su ce masa ya zo ya ga wata. Ya rasu a 2014 yana da shekara 98. Samfurin madubin da ya ƙirƙiro har yau da sunansa ake kiransa, kuma shi ne mafi araha idan aka auna da girman abin da yake nunawa. Kafinta mai hankali zai iya haɗa gangar jikinsa, gilashin ne kawai sai an nemo.

A 2007 wani mai sha'awar taurari, Mike Simmons, ya kafa ƙungiyar Astronomers Without Borders, wato masu nazarin sama da ba ruwansu da iyakar ƙasa. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2009 a matsayin shekarar ilimin falaki, don cika shekara 400 da Galileo ya fara ɗaga madubi sama.

A Najeriya, reshen wannan ƙungiya yana ƙarƙashin jagorancin Olayinka Fagbemiro, ma'aikaciya a Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA. Ita da abokan aikinta suna kai madubai makarantu, amma aikinsu da ya fi jan hankali shi ne na sansanin 'yan gudun hijira na Durumi a Abuja, inda akasarin mazauna suka fito daga Gwoza ta Jihar Borno. Sun kafa wa yaran sansanin ɗakin koyo mai aiki da hasken rana, da tallafin wani ofishi na Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya da ke birnin Cape Town. Za a iya tambaya, kuma tambayar tana da nauyi, me yaron da bai ci ya ƙoshi ba zai yi da zoben Zuhal? Amsar da aikin ke bayarwa ita ce, yaron da aka raba da garinsu da makarantarsu ba abinci kaɗai ya rasa ba, ya rasa dalilin komawa aji, kuma madubi na cikin abubuwan da ke sa yara yin layi da kansu ba tare da bulala ba.

Sauran ƙasashen Afirka sun yi nisa. A Kenya, Susan Murabana ta kafa The Travelling Telescope a 2014, tana zagaya makarantu da ƙauyuka da babban madubi a mota. A Accra, Dakta Jacob Ashong ya buɗe ɗakin nuna taswirar sama a 2009 da kuɗin fanshonsa. Misalin Senegal ne ya fi kusa da halin da ake ciki a nan, domin su ma suna fama da Sallah biyu, wani lokaci uku. Ƙungiyar masu sha'awar falaki da Maram Kaire ya jagoranta takan fitar da bayani kafin kowace Sallah a kan yiwuwar ganin wata, kuma takan fito da madubai jama'a su gani da idonsu. A 2021 aka raɗa wa wani dutsen sararin sama sunansa, a 2023 kuma gwamnati ta naɗa shi shugaban hukumar sararin samaniyar ƙasar. Daga bakin titi ya fara.

Abin da ake gani idan an leƙa

Daren da ya fi dacewa ba na tsakiyar wata ba ne, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Farin wata yana kashe ido a madubi, kuma fuskarsa takan zama fili fetal. Wajen 6 zuwa 8 ga wata ne ake shan kallo, lokacin da rabinsa ke haske rabi duhu. A kan iyakar hasken da duhun, inuwa tana fito da ramuka da duwatsu sarai, har mai kallo ya ji kamar zai miƙa hannu ya taɓa abin da ke nisan kusan kilomita 384,000.

Daga nan sai Mushtari, wanda ƙaramin madubi ma yana nuna watanninsa huɗu a jere kamar ɗigon alli. Idan aka dawo washegari za a tarar sun sauya wuri. Abin da Galileo ya gani ke nan a Janairun 1610, ya fahimci ba komai ne ke kewaya duniyarmu ba. Sai Zuhal da zobensa, wanda galibin masu ganin farko sukan zargi mai madubin da liƙa hoto a bakin gilashi.

Amma darasin da ya fi shiga jikin Bahaushe yana cikin sunayen da ya gada. Zara, wadda ake wa kirari da matar wata, takan fito da almuru a yamma. Gamzaki kuma shi ke fitowa da asuba a gabas. Abu ɗaya ne: duniyar Zuhra ce, wadda takan yi watanni tana bin bayan rana da yamma, ta ɓace, sannan ta ɓullo tana gabanta da asuba. Shi ya sa ba a taɓa ganin Zara da Gamzaki a dare ɗaya suna haskawa sosai. A madubi kuma Zuhra takan yi siffar lauje kamar jinjirin wata, abin da ya kamata duk mai duban wata ya sani. Kaza da 'ya'yanta, da ido ke ƙirga shida ko bakwai, madubin hannu mai ido biyu yana nuna gommai. Takan fito a gabas da almuru wajen Nuwamba, ta ɓace a yamma ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, daidai gabatowar damina.

Ƙasar Hausa tana da wata baiwa da Landan ba ta da ita. Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka mutum zai iya ganin tauraron arewa ƙasa-ƙasa a gefe ɗaya, ya juya ya ga taurarin kudu da Turai ba ta taɓa gani. Sannan ga duhu. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 85 ba su da wutar lantarki. Abin kunya ne ga masu mulki, amma sakamakonsa shi ne sararin ƙauyukan Arewa yana cikin irin wanda masu kuɗi a wasu ƙasashe ke biyan jirgi su je nema. Sai dai inda duhun ya fi kyau nan ne tara yara a fili da dare ya zama kasada. Dajin da ya fi dacewa da madubi a Zamfara da Katsina yana hannun 'yan bindiga. Ga kuma hazon hunturu da ke rufe sama daga Disamba zuwa Fabrairu, da gajimaren damina. Mafi kyawun lokaci shi ne ɗan tsakanin nan na kaka, Oktoba zuwa Nuwamba.

Me ya sa mai gaskiya ke ganin watan da babu shi?

Wata yana ɗaukar kimanin kwana 29 da rabi daga haihuwa zuwa haihuwa, shi ya sa watan Musulunci ke yin 29 ko 30. Bayan haihuwarsa yana nisantar rana da kusan digiri 12 a kowane yini. Idan mutum ya miƙe hannu ya dunƙule, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne a sama. Wani masani ɗan Faransa, André Danjon, ya nuna tun shekarun 1930 cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai wajen digiri 7 ba, laujen hasken bai ma haɗu ba balle ido ya gan shi. Mafi ƙanƙantar jinjirin da aka tabbatar an gani da ido tsirara yana da sa'a 15 da minti 32 da haihuwa, a 1990. Da madubi kuwa, wani ɗan Iran ya gan shi yana da sa'a 11 da minti 40 a 2002. Duk wanda ya ce ya ga watan da bai kai sa'a biyar ba, ko dai ya karya tarihin duniya da tazara mai nisa, ko kuma wani abu daban ya gani.

Kuma ba sai ya yi ƙarya ba. Wasu masana biyu a Amurka, Doggett da Schaefer, sun tara rahotannin dubban masu duban wata na sa-kai, suka wallafa sakamakon a 1994. Sun gano cewa a inda ba zai yiwu a ga wata ba, kusan mutum 15 cikin 100 sukan rantse sun gan shi, da zuciya ɗaya. Gefen gajimare da rana ta haska, hayaƙin jirgin sama, ko idon da ya gaji da zuru yana neman abin da zuciya ke so, duk suna haifar da haka. A ƙasar da miliyoyi ke fitowa duba, samun shaidu biyu masu gaskiya da suka yi kuskure ba abin mamaki ba ne. Rashin samun su ne zai zama abin mamaki.

A nan ne amfanin mai sa-kai yake. Ya san a wane gefen inda rana ta faɗi watan zai tsaya, da tsayinsa daga ƙasa, da mintin da zai faɗi, da inda ƙahonninsa za su fuskanta. Tambaya huɗu ke nan da za su tace shaida ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Kwamitin ganin wata na ƙasa, wanda ke aiki da Fadar Sarkin Musulmi, yana da masu wannan ilimi, kuma jama'a sun saba jin bayanin Simwal Usman Jibril a kafafen yaɗa labarai gabanin azumi da Sallah. Amma Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Kwamiti a Abuja ko Sakkwato ba zai tsaya kusa da kowane mai shaida ba. A duniya akwai tsarin da Muhammad Odeh ya kafa a Jodan a 1998, inda masu sa-kai daga ƙasashe da dama ke aika rahoto kowane wata, har da rahoton cewa sun duba ba su gani ba. Wannan shi ne sirrin: mai duba sau goma sha biyu a shekara ya fi mai duba sau biyu sanin kamannin abin da yake nema.

Maiduguri 2001, Katsina 2006

Rashin sani a wannan fage ya taɓa jawo gobara. A daren 9 ga Janairu, 2001, wata ya yi husufi, sai gungun matasa a Maiduguri suka ɗora laifin a kan masu aikata alfasha, suka banka wa gommai na otal-otal da mashaya wuta. Alhali an san ranar da sa'ar wannan husufi shekaru da dama kafin ya auku. Alhali kuma a tarihin Musulunci, ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka alaƙanta abin da rasuwar, Manzo da kansa ya gyara musu fahimta, ya umarce su da sallah.

Shekara biyar bayan haka, ranar 29 ga Maris, 2006, rana ta yi cikakken husufi da hantsi a kan Gusau da Katsina, duhu ya sauka na kusan minti huɗu. A wannan karon hukumomi sun yi gangamin faɗakarwa tun kafin ranar, kuma ba a ji labarin tarzoma irin ta Maiduguri ba. Abin da ya bambanta ranakun biyu shi ne an riga an gaya wa mutane.

Akwai wani shinge da masu wannan aiki ke cin karo da shi, kuma a harshe yake. Da an ce ilimin taurari, kunnen Bahaushe duba yake ji, da bugun ƙasa, da malamin da zai faɗa wa mutum tauraronsa. Malamai na da sun raba biyun: akwai falaki, lissafin tafiyar rana da wata da ake fitar da lokutan sallah da alƙibla da shi, akwai kuma neman sanin gaibu ta taurari, wanda suka yi hani da shi. Katsina ta fitar da Muhammad bin Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741, ko da yake shi ma rubuce-rubucensa sun taɓa ɓangarorin biyu. Mai sa-kai da ya shiga unguwa bai fara da gaida liman da mai unguwa ba, bai kuma bayyana wane ɓangare ya kawo ba, shi ya jawo wa kansa. Hanya mafi sauƙi ta shiga ita ce alƙibla: a ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da 10:27, rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba. A kafa sanda a miƙe, duk inda inuwarta ta kwanta, kishiyar wajen ita ce alƙibla. Ba a buƙatar madubi ko intanet.

Ina gwamnati?

An kafa NASRDA a 1999. A Satumbar 2003 Najeriya ta harba tauraron ɗan'adam na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha, a kan kuɗi kusan dala miliyan 13. A 2007 aka harba NigComSat-1 daga China, ya mutu a Nuwambar 2008, aka maye gurbinsa a 2011. Hukumar tana da cibiyar nazarin falaki a Nsukka, inda Farfesa Pius Okeke ya horar da ɗalibai masu yawa. Ba a ce waɗannan ba su da amfani ba. Amma ƙasar da ta iya sayen tauraron ɗan'adam fiye da ɗaya ba ta da hujjar barin ɗalibi ya gama sakandare, ya haddace sunayen duniyoyi takwas don jarrabawa, bai taɓa ganin ko ɗaya a madubi ba. Jihohin da ke ware kuɗin ciyarwar azumi duk shekara za su iya saya wa kowace masarauta madubin hannu, su horar da matasa biyu a kowace gunduma, da ɗan abin da bai kai kuɗin motar kwamishina ɗaya ba.

Aikin sa-kai shi ma yana da nasa rauni, kuma bai kamata a rufe shi ba. Ya fi yawa a Abuja da manyan biranen Kudu. Yawancinsa da Turanci ake yi. Kuɗinsa daga tallafin waje yake zuwa, idan tallafin ya ƙare sai madubi ya koma kwali. Ziyarar yini ɗaya da ɗaukar hoto ba ta mayar da yaro masani. Abin da zai ɗore shi ne ƙungiyar unguwa ko ta ɗaliban jami'a da ke fita duk ranar 29 ga wata, tana rubuta abin da ta gani da wanda ba ta gani ba, tana kuma yin bayani da Hausa.

Akwai ranaku biyu da aka riga aka sani. Ranar Litinin, 2 ga Agusta, 2027, rana za ta yi cikakken husufi a kan Luxor ta Masar na fiye da minti shida, inuwar ta ratsa Jidda da Makka, a Arewacin Najeriya da Nijar kuma za a ga wata ya ci wani sashe nata da hantsi. Ranar 20 ga Maris, 2034, cikakkiyar inuwar za ta sauka a Legas da Benin, ta ratsa ƙasar zuwa Kamaru da Chadi. Kallon rana a irin wannan lokaci da ido tsirara, ko da baƙin tabarau na kasuwa, ko da gilashin da aka shafa wa hayaƙi, yana ƙona ƙwayar ido ba tare da an ji zafi ba. Wanda ba shi da tabarau na musamman sai ya huda kwali da allura, ya juya wa rana baya, ya kalli hotonta a ƙasa. Ko ya tsaya ƙarƙashin bishiyar darbejiya, inda hasken da ke ratsa ganye zai zana ɗaruruwan ƙananan lauje a kan turɓaya.